Inda na kai da hotunan kwazazzabon Archei

'Yan uwa masu koyo, na gama gyara kashin farko na hotunan da na ɗauko a tsaunukan Ennedi, arewa maso gabashin Chadi, yankin da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2016. Yawancinsu daga kwazazzabon Archei ne, kusa da garin Fada, inda makiyaya ke kai raƙuma shan ruwa, kuma har yanzu akwai 'yan kadoji a cikin tafkin.

Wahalar wurin ita ce bambancin haske. Da rana ta ɓullo, kawunan duwatsun za su yi jawur, amma ƙasan kwazazzabon yana nan cikin duhu. Ido yana ganin duka biyun, kyamara kuwa sai ta zaɓi ɗaya. Ga shi lokacin ba ya jira: a wannan yankin rana kusan a miƙe take hawa, kamar digiri ɗaya cikin minti huɗu, don haka jan hasken nan da nan yake komawa fari. Tun bayan sallar asuba nake kafa kyamara a kan marikinta mai ƙafa uku, in saita ISO (ƙarfin jin hasken kyamara) a 100, faɗin ƙofar haske kuma a f/8, in ɗauki kowane wuri sau uku: mai duhu, matsakaici, da mai haske, don in haɗa su su zama hoto ɗaya a wurin gyara. Ku ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba. JPEG matakan haske 256 yake da su a kowane launi, RAW mai bit 14 kuwa yana da 16,384, kuma a wurin gyara ne za ku ga amfanin wannan tazarar.

Sanyin hunturu yana shanye batir, ku ajiye na biyu a aljihun ciki. Kada ku canza gilashin kyamara idan iska ta taso, ƙura za ta bar muku ɗigo-ɗigo a sararin samaniya.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci a kwamfuta shi ne inuwa. Da manhajar gyaran hoto ta darktable nake aiki, kyauta ce, amma mai Lightroom ko Snapseed a waya zai iya bin wannan hanya. Manhajar tana ba ka damar ɗaga inuwa har ka ga kowace tsakuwa a ƙasa, kuma mutum yakan so yin haka don ya nuna komai. Ni ban yarda da wannan ba. Idan duhun ya tafi, zurfin ya tafi, sai bangon dutse mai tsayi ya koma kamar zanen da aka shanya. Yanzu kaɗan nake ɗagawa, daidai yadda za a gane layukan da ke jikin dutsen yashin, in bar sauran.

Sai launi. Inuwar safiya shuɗi-shuɗi take fitowa, domin hasken samaniya ne kaɗai ke sauka mata. Idan ka ɗumama hoton gaba ɗaya don gyara ta, kan dutsen zai wuce ja ya zama ruwan goro mai kauri wanda babu shi a wurin. Keɓe kowane ɓangare nake yi, in ɗumama inuwar kaɗan, in ƙyale saman. A gefen da dutse ya haɗu da samaniya ku matso da hoton sosai ku duba, nan ne wani farin zare ke fitowa idan gyara ya yi yawa.

Hoton da na fi so babu rana a cikinsa sam. Haske ya bugi bangon yamma, ya dawo kan na gabas da ke cikin inuwa, sai dutsen ya yi ruwan zuma, har tsagoginsa suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. Wannan kusan ban taɓa shi ba, ƙura kawai na goge.

Abin da ya rage shi ne hotunan hantsi, lokacin da raƙuma suka shigo. Haɗa hotuna uku ba ya yiwuwa a nan, domin raƙumi yana motsi, sai ya fito da wuya biyu. Zan gwada aiki da matsakaicin shi kaɗai, in ga iya inuwar da zai ɗauka kafin ya fara yin burtsi-burtsi. Wanda ya taɓa gyara irin wannan, ya faɗa mini yadda ya rage burtsin ba tare da gashin raƙuman ya shafe ba.