Ruwan Baba mai garuwa

Ɗakin gwaje-gwajena yana unguwar Obalende a Legas, mu huɗu ke aiki a ciki. Da gwajin jini na fara: zazzaɓin cizon sauro, taifot, suga. Aikin ruwa kuwa marasa lafiya ne suka jefa ni cikinsa.

Mutanen layi ɗaya suka yi ta zuwa da gudawa. A sha magani a warke, bayan sati uku sai ga su kuma. Rannan na tare dattijon da ke kai musu ruwa na ce, "Baba, gobe ka ɗebo min kaɗan a kwalbar nan." Ya ce, "Ɗana, ruwana garau yake." A ido kam garau ne. Amma da na tace shi, na shuka a farantin renon ƙwayoyin cuta, ya kwana a na'urar ɗumi, sai ga ƙwayar E. coli, shaidar bayan gida ya taɓa ruwan. Ba laifin Baba ba ne. A nan ba a haƙa da nisa ake tarar da ruwa, ga rijiya ga shadda, ƙasar kuma rairayi ce.

Tun daga nan na fara bin tafkin Legas da kwalabe, daga Makoko har Ebute Meta, wani lokaci tare da ɗaliban jami'a masu bincike. Tafkin nan fuska biyu gare shi. Da rani ruwan teku na shigowa, gishiri ya hau. Da damina Kogin Ogun ya turo ruwan daɗi, gishiri ya sauka, ambaliya kuma ta wanko kwatocin gari ta zuba ciki. Ƙwayar kwalara na jin daɗin irin wannan ruwa mai ɗan gishiri. A watan Yunin 2024 da cutar ta ɓarke a Legas, duk farantin da ya fito da ɗigo ruwan ɗorawa, wanda kan iya zama alamar kwalara, sai gabana ya faɗi. Nan take nake kai rahoto ga jami'an lafiya.

Wuta ce babbar damuwata. Na'urar ɗumi sai ta tsaya a maki 37 dare da rana, don haka man janareta ke cinye rabin riba, gwajin ruwa kuma ba kowa ke yarda ya biya ba. Na 'yan garuwa kyauta nake yi.

Baba ya sauya rijiya, yana kuma ɗiga kulorin a jarkokinsa. Duk farkon wata zai jingine kurarsa a ƙofa ya miƙo min kwalba.