Tafkin Malawi: ruwa garau, tsargiya a ciki

Aiki ne ya kai ni Malawi, da aka kammala sai abokan tafiya suka ce ba ma komawa gida sai mun leƙa Cape Maclear, wani yankin masunta a bakin Tafkin Malawi, cikin gandun da UNESCO ta sa a jerin wuraren gado na duniya a 1984. Ruwan garau yake, kana tsaye kana kallon kifaye masu launi-launi suna kewaya ƙafarka. Muka sha iyo har la'asar.

Mu da muka tashi a Kano, tsargiya a wajenmu cutar kududdufi ce da magudanan noman rani, wadda yaro zai yi ta fitsarin jini har wasu manya su ce balaga ce. Wa zai kawo ta a irin wannan ruwa? Ashe ita ba ruwanta da tsabtar ruwa. Katantanwa take bi. Mai cutar ya yi fitsari a tafki, ƙwan ya ƙyanƙyashe ya shiga katantanwa, daga nan 'yan mitsi-mitsin tsutsotsi su fito su huda fatar duk wanda ya shiga. Gefen da ba zurfi, inda mata ke wanki yara na wasa, nan ne matattararsu, kuma nan baƙo ke fara tsoma ƙafa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne maganin. A shagunan bakin ruwa ana sayar wa baƙi praziquantel, a ce ka haɗiye ka kama hanya. Ƙwayar ta gaskiya ce, amma ba ta kashe tsutsar da ba ta girma ba, sai ta yi kamar mako 6 zuwa 8 a jiki. Wanda ya sha a ranar ya yi asarar kuɗinsa, ya tafi da tsutsarsa hankali kwance.

Ni dai da na dawo sai na jira, duk da ban ga jini ba, ban yi zazzaɓi ba. Likitar da na gani ta ce da yawa haka suke, shiru, alhali ƙwan na cin mafitsara a hankali. Aka gwada fitsari da jini, sakamako ya nuna ina da ita. Ta auna nauyina, ta lissafa miligiram 40 a kowane kilo, ta ce in ci abinci tukuna. Ɗacinsa kuwa ba a magana.

A ranar na kira sauran abokan tafiyar ɗaya bayan ɗaya. Wani cewa ya yi ai shi ya sha nasa tun a can.