Katantanwar teku a ƙololuwar Himalaya

Shekara shida na yi ina koyar da labarin ƙasa a wata makarantar sakandare a Tawa, kuma duk lokacin da muka kai darasin tsaunukan Himalaya, sai in cika allo da alƙaluma: jerin ya miƙe kusan kilomita 2,400, ya ratsa Pakistan, Indiya, Nepal, Butan da Sin, ƙololuwarsa Eberes kuma tana da tsayin mita 8,849. Ɗalibai su haddace, su zuba mini a takardar jarrabawa, ni kuma in ɗauka aiki ya yi kyau.

Wata rana na faɗa musu cewa dutsen da ke can ƙolin Eberes a ƙarƙashin teku ya samu, har da burbushin halittun ruwa a jikinsa. Aji ya fashe da dariya. Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, to wa ya hau da teku can sama?" Na buɗe baki na rasa ta inda zan fara, domin ni kaina haddar nake yi.

Sai da na koma na zauna da littattafai kafin na gane lamarin sosai. Wajen shekara miliyan 50 da suka wuce, faifan ƙasar da ke ɗauke da Indiya, wato ƙaton ɓangaren ɓawon duniya mai motsi a hankali, ya yi karo da na Asiya, tekun da ke tsakaninsu ya rufe, ƙasansa ya naɗe ya yi sama kamar tabarmar da aka tura daga gefe biyu. Har yau turin bai tsaya ba, shi ne ma sanadin girgizar ƙasar da ta auka wa Nepal a 2015.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne hujjar tana ƙarƙashin ƙafarmu. Duwatsun Adar ma shimfiɗar tsohon teku ne, irinsu ake haƙa a Malbaza ana yin siminti. Na tsinto wani farin dutse mai katantanwa a manne, na kai aji, na ninke tabarma a gabansu. Dutsen ya zagaya hannu hannu, shiru kamar ruwa ya ci su, har ya iso ga yarinyar nan. Ta daɗe tana kankare shi da farce, sannan ta tambaye ni dalilin da ya sa namu tekun bai tashi sama kamar nasu ba.