Yadda muke duba matashi mai ƙiba, da inda gyaran yake farawa

Iyaye ba safai suke kawo mana yaro saboda ƙiba ba. Abin da ke kawo su daban ne: yaro yana minshari har yana shiɗewa cikin barci, yarinya al'adarta ta rikice, ko gwiwa ta dame shi ya daina zuwa ƙwallo. A Kano har yanzu jiki alamar hutu ne, don haka sai ƙibar ta fara ciwo ake waiwayarta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 yara da matasa sama da miliyan 390, 'yan shekara 5 zuwa 19, nauyinsu ya wuce ƙima, miliyan 160 daga cikinsu kuma ƙibarsu ta kai matakin cuta.

Awo muke farawa da shi, ba kallon ido ba. A cire takalmi da hula ko ɗankwali mai tudu, a hau sikeli, a auna tsayi da bango. Sai a raba nauyi a kilo da tsayi a mita sau kansa. Yaro ɗan shekara 15 mai kilo 78 da tsayin mita 1.62, lissafinsa 29.7 ne. A nan ake yawan kuskure. Wanda ya saba da ma'aunin manya zai ce bai kai 30 ba, inda ƙibar manya ke zama cuta, da sauƙi. Amma matashi da jadawalin shekaru da jinsi ake auna shi, kuma ga namiji ɗan 15 iyakar tana wajen 27 ne. Wannan yaron ya riga ya haye. Daga nan mu ɗauki tef irin na tela mu zagaya ciki, tsakanin ƙarshen haƙarƙari da ƙashin ƙugu. Idan ya wuce rabin tsayin mutum, wato santimita 81 ga wannan yaron, kitse ya taru a inda ya fi illa.

Sannan nakan ce ya sunkuyar da kai in ga bayan wuya. Sau da yawa fatar wurin ta yi baƙi, ta yi kauri, tana da laushi kamar karan-miski, haka ma hammata. Uwa za ta ce, “Wallahi datti ne, na dirje da soso ya ƙi fita.” Nakan ce, “Hajiya, a daina dirzawa, ba ƙazanta ba ce.” Alama ce ta cewa jiki ya fara ƙin jin insulin, sinadarin da ke shigar da suga cikin ƙwayoyin jiki, kuma hanyar ciwon suga ke nan. Irin wannan yaron muna tura shi gwajin suga da safe kafin ya karya. Sakamako daga 100 zuwa 125 (a ma'aunin mg/dL) gargaɗi ne, 126 zuwa sama kuma, idan an maimaita ya tabbata, ciwon ne. Muna duba hawan jini da maɗaurin da ya dace da kaurin damtse, domin ƙarami yana nuna hawan da babu shi. Kitse a hanta ba ya ciwo, sai gwajin jini ko hoton ciki. Yaro mai ƙiba da ya fara ɗingishi yana kukan gwiwa ko cinya kuwa, ba na mai ɗori ba ne. Kan ƙashin cinya na iya zamewa a gaɓar ƙugu, hoto yake bukata da gaggawa.

Abin da aiki ya koya mini shi ne, tuwo ba shi ne babban mai laifi ba, abin sha ne. Robar lemo mai 50cl tana ɗauke da suga wajen giram 50, kusan cokalin shayi 12, wanda shi ne iyakar abin da aka yarda mutum ya sha a yini guda. Yaro ya sha ɗaya a tara, ya ƙara da zoɓo ko kunun aya mai zaƙi a hanyar Islamiyya, da dare a dama fura a antaya mata suga. Ruwa ba ya ƙosarwa, don haka duk wannan ƙari ne a kan abincinsa. Shi ya sa watan farko ba na taɓa kwanon yaro. Lemo ya koma sau ɗaya a mako, zoɓon gida a rage masa rabin suga, a sa ruwa mai sanyi a inda hannu zai kai.

Wata na biyu sai mai. Cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja yana da kalori kusan 120, kuma dubi yadda ake kwarara shi a ɗanwake, gurasa da shinkafa da wake. A riƙa aunawa da cokali. Awara, fanke da Indomie da ƙwai na wajen mai shayi ƙarfe goma na dare su ragu. Rabin faranti ya zama ganye: kwaɗon zogale, rama, kabeji, latas. Malmala ɗaya maimakon biyu, a ƙara miya.

Duk wannan yana rushewa idan aka ware yaron shi kaɗai. Ba zai ci zogale ba alhali yayyensa suna shan lemo a gabansa suna ce masa lukuti. Tukunyar gidan ce za ta canza. Horon yunwa ma ba ya aiki. Wanda aka hana karin kumallo da rana yake ramawa. Ga mai sauran girma, sau da yawa ya isa nauyi ya tsaya cak tsayi ya ci gaba.

Motsa jiki minti 60 ake so kullum, ko a rarrabe. Maza suna da ƙwallo da keke. 'Yan mata ne abin ya fi yi wa wuya, daga adaidaita sahu sai aji sai ɗaki. Tsallen igiya a tsakar gida, ba carafke ba, da tafiya makaranta a ƙafa tare da ƙawaye suna cike gurbin. Barci awa 8 zuwa 10, waya ta kwana a ɗakin Mama.

Tambaya ta ƙarshe a keɓe nake yi wa budurwa: ko tana shan maganin ƙara ƙiba, wanda ake kira sha-ka-fashe? Yawanci akwai dexamethasone a ciki, yana kumbura fuska, yana ta da suga da jini, yana raunana ƙashi. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke rana ɗaya, jiki na iya faɗuwa. Likita ne zai riƙa rage mata shi sannu a hankali har ta rabu da shi.