Koren fasfo da kwana uku a Doolin

Har yau idan uwargida tana son ƙure ni a gaban baƙi, tambaya ɗaya take yi: "Malam, wai Ireland da biza ake shiga ko haka nan?" Kowa ya yi dariya, ni kuwa in yi yaƙe.

Aurenmu ya cika shekara goma a watan Yuni, na ce bari in yi mata bazata. Na kama ɗaki a wani tsohon masauki a ƙauyen Doolin, gundumar Clare, bakin tekun Atlantika. Irin gidajen nan ne masu bangon dutse mai kauri, ɗakunan ba su kai goma ba, matar gidan ita ke karɓar baƙi, ita ke gasa burodi. Muka kai yara gidan ƙanwarta, muka haɗa jaka. Ba ta san inda muka nufa ba sai da muka isa filin jirgin Manchester. Ɓoyon nan shi ya kashe ni. Mace ce mai bin diddigi, da na gaya mata tun farko da ta tambayi abin da ni ban tambaya ba.

Ni fasfon Birtaniya ne a hannuna, na je Dublin sau biyu don aiki ba wanda ya tsayar da ni. Ita kuwa koren fasfonmu na Najeriya take riƙe da shi, da izinin zama a Birtaniya, don shekara uku ke nan da ta biyo ni. A kaina duk ɗaya ne. Ma'aikaciyar jirgin ta juya shafukan fasfon har ƙarshe, ta dawo farko, ta ce ina bizar Ireland. Na fara yi mata bayanin yarjejeniyar zirga-zirga da ke tsakanin ƙasashen biyu tun shekarun 1920, har da ɗaga murya. Ta bari na gama, sannan ta ce yarjejeniyar ta 'yan ƙasar Birtaniya ce da 'yan ƙasar Ireland, ba ta kowane mazauni ba. Gaskiyarta. Akwai sassauci ga wasu ƙasashe, irin su China da Indiya, amma Najeriya ba ta ciki. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Uwargida ba ta ce uffan ba har muka koma mota, kuma shirun nan ya fi zagi ciwo.

Kuɗin jirgi ya tafi. Kuɗin motar haya ya tafi. Masaukin suka riƙe na daren farko, kuma ba laifinsu, yana rubuce cikin sharuɗɗan da na danna na amince ban karanta ba. Bizar da ta jawo duk wannan asara yuro 60 ce kacal ga mai shiga sau ɗaya, yuro 100 ga mai shiga sau da yawa. Yuro sittin!

Wani abokina ya ce mu bi ta Belfast, a Ireland ta Arewa da ke cikin Birtaniya, mu tsallaka da mota, ai babu shinge a kan iyakar. Shinge kam babu, amma doka tana nan, 'yan sandan Ireland kuma sukan tare motocin fasinja su duba takardu. Matar da take jiran takardar zaman dindindin ba za ta ɓata sunanta saboda yawon buɗe ido ba. Kada kowa ya saurari irin wannan shawara.

Muka cike fom a intanet, muka aika fasfo da takardun banki. Masu ba da bizar da kansu suna cewa a ba su kamar mako takwas. Kafin biza ta fito, hutun makaranta ya zo ya wuce, ni ma aka hana ni hutu a wurin aiki. Sai tsakiyar Nuwamba muka sauka a filin jirgin Shannon.

Daga nan zuwa Doolin tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna ce. Hannun hagu ake bi kamar Ingila, sai dai lissafin kilomita ne, kuma hanyoyin ƙarshe siraran gaske ne, katangar dutse hagu da dama. A Yuni rana ba ta faɗuwa a can sai wajen goma na dare, abin da na tsara ke nan: yawo a bakin teku har magariba. A Nuwamba kafin ƙarfe biyar duhu ya rufe. Jirgin ruwan da ke kai mutane tsibiran Aran, wanda shi ne zuciyar shirina, ya daina aiki sai bazara. Na tsaya a mashigar jirgin ina kallon tsibirin Inis Oírr daga nesa, ina sake lissafa yuro sittin.

Amma gidan kansa, a nan ne na ɗan samu sauƙi. Muna shiga wani ƙamshin hayaƙi ya tare mu, ba na itace ba, ba na gawayi ba. Baƙar ƙasa ce da suke yankowa daga fadama kamar tubali, su busar, su hura wuta da ita. Uwargida ta ja kujera gaban murhun, ta miƙa hannu, ta ce ya tuna mata da ɗakin kakarta lokacin hunturu. Matar gidan ta kawo shayi da burodinsu mai ruwan ƙasa, da ɗumi, an lafta masa man shanu. Baƙi huɗu ne kawai a gidan. Da Yuni ne da ko kujerar ba za mu samu ba, na faɗa mata haka, ta ce, "Ka ga dabara, ashe da gangan ka yi."

Wannan karon na yi tambaya kafin mu taso, don wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Karin kumallonsu na gargajiya kusan duk alade ne: soyayyen nama, tsiran alade, da wani baƙin abu mai kama da ƙosai da ake yi da jini. Na rubuta musu tun da mako guda. Suka shirya mana kunun alkamar oat, ƙwai da ƙyafaffen kifin salmon, a kasko dabam. Abin da ya kusa shammatarmu shi ne miyar kifinsu mai madara, wadda a wasu wurare ake yanka naman alade a ciki ko a zuba giyar inabi. Har burodi akwai wanda ake kwaɓawa da Guinness. Duk abin da aka ajiye muku, ku tambaya, ba sa jin haushi.

Sai kuma wannan: wasu masaukan ƙauyen Ireland, irin namu, mashaya ce a ƙasa, ɗakuna a sama. Doolin ta yi suna da kiɗan gargajiya, kuma a irin waɗannan wurare ake yin sa. Daga tara na dare sai goge da sarewa da wata ganga mai faɗi kamar bandiri su tashi. Mu daga falon murhu muka saurara, ta ƙofa. Daɗi kam akwai, amma ku roƙi ɗakin da ke can baya idan kuna son barci. Namu yana daidai saman makaɗan.

Rana ta biyu ruwa ya ɗauke, muka je tsaunukan Moher, masu tsayin mita 214 a inda suka fi tsawo, teku yana dukan gindinsu. Iska ta kusa ɗauke mata mayafi, ta riƙe ni gam, abin da ba ta taɓa yi a gaban mutane ba. Da dawowa muka bi ta Lisdoonvarna, garin da ake bikin haɗa aure duk watan Satumba, har da dillalin aure na gado. Ta karanta allon, ta dube ni, ta ce da ta san da wurin nan da ta zo ta zaɓi mai karanta sharuɗɗa.

Bizarta ta shiga sau da yawa ce, ita ta dage a biya yuro ɗarin. Ta riga ta kama ɗakin baya na watan Mayu, da tikitin Aran, kuma fasfo biyun duka suna cikin jakarta.