Kafin a ce yara su haɗa kaya ana tsakiyar zango

A Zariya ba kasafai za ka ji an cire yaro daga makaranta don yawon buɗe ido ba. Tafiye-tafiyenmu sunayensu masu nauyi ne: bikin ƙanwar uwa a Funtuwa ko Kano, Umrar goman ƙarshe, Sallah a gida wurin kakanni, zaman makoki na kwana bakwai. Saboda nauyin sunan, uba kan aika wa malamin aji saƙo da daddare cewa su Amina ba za su samu zuwa ba har mako na sama, malami kuma kunya ta hana shi cewa komai sai "Allah ya kiyaye hanya, Alhaji." Gaskiya ne zumunci a ƙafa yake, kuma yaron da bai san 'yan'uwansa ba an tauye shi. Abin da iyaye da yawa ba su lura da shi ba shi ne, makonnin zango ba farashinsu ɗaya ba. Akwai makon da yaro zai yi fashinsa ya rama cikin kwana uku, akwai kuma wanda in ya wuce shi sai baɗi.

A Ingila sun mayar da abin kuɗi. Tun watan Agusta na 2024, yaron da ya yi fashin kwana 5 ba izini cikin makonni 10 na karatu, ana iya cin iyayensa tarar fam 80, kowane mahaifi a kan kowane yaro, ta koma 160 in ba a biya cikin kwana 21 ba. Uwa da uba masu yara uku, fam 480 ke nan. A nan muna da dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 wadda ta wajabta karatun shekara 9, amma babu mai kai ka kotu don ka tafi biki da yara. Tunda ba a karɓar tarar a aljihun uba, a katin sakamakon yaro ake cire ta, shiru-shiru.

Zango ɗaya yakan kama mako 12 zuwa 13. A yawancin makarantu ana kiran rajista sau biyu a rana, safe da bayan tara, shi ya sa fashin mako ɗaya ke fitowa a kati a matsayin fashi 10. A sakandare ana yin darasi kusan 8 a rana, kowanne minti 35 zuwa 40, Lissafi da Turanci kuma kusan kullum ne. Tafiyar mako biyu ta cinye darasi wajen 80 ke nan, 10 daga ciki na Lissafi. In kuɗin makarantar, a misali, naira 130,000 ne a zango mai mako 13, kowane mako naira 10,000 ne, kuma ba a mayar da canji.

Inda cizon yake shi ne maki. Makin zango kashi biyu ne: na tes da aikin gida, wanda yakan zama 30 ko 40, da na jarrabawa, 70 ko 60. Ɗauki makarantar da ke yin tes biyu, kowanne maki 15, aikin gida 10, jarrabawa 60. Yaron da ya saba cin 10 a tes, jimillarsa 62, in ya rasa tes ɗaya ya dawo 52. Kuma ba a darasi ɗaya ba, domin makarantu da yawa mako guda suke warewa su yi tes na kowane darasi a jere. Ranar da aka tashi tafiya a makon tes, darasi goma sha wani abu ne suka faɗi tare. A ƙarshen shekara kuma a haɗa zango uku a raba, da shi ake duba wucewa aji na gaba. Wasu malamai kan sake wa yaro tes in an nemi alfarma tun kafin tafiya. In sai bayan an dawo aka zo, sau da yawa an riga an miƙa takardar maki, ko an shigar a kwamfuta, malamin kansa ba shi da ikon taɓawa.

Don haka abu na farko shi ne a karɓi kalandar zangon daga ofishin makaranta kafin a sa rana ko a biya tikiti, a tambayi fom masta makon tes na ɗaya, na biyu, da ranar fara jarrabawa. Makon farko na komawa, wanda yawanci shara ne da bitar zangon baya da jiran waɗanda ba su dawo ba, shi ne mafi araha. Haka makon bayan jarrabawa, lokacin da malamai ke makin takardu yara na wasa a fili. Wannan kusan kyauta ne, sai dai a roƙi wani ya karɓi kati da aikin hutu. Hutun rabin zango, in aka haɗa shi da Asabar da Lahadi, yakan ba da kwana huɗu ko biyar, ya isa zuwa Katsina ko Abuja a dawo. Makon bita kafin jarrabawa kuwa mutane na raina shi da cewa ai ba sabon karatu ake yi ba, alhali a nan ne malami ke nuna inda tambayoyi za su fito.

Aji ma yana da nasa hukunci. Ana yawan cewa "ai ɗan firamare ɗaya ne, me ake koya musu?" Abin da ake koya musu shi ne karatun kansa: sautin haruffa ɗaya bayan ɗaya, sannan haɗa su. Yaron da aka wuce shi da haruffa biyar ko shida ba zai iya faɗa maka abin da ya rasa ba, sai dai ka ga ya daina ɗaga hannu, ya fara ciwon ciki da safe. Darussa irin su Lissafi sarƙa ne. Wanda bai riƙe haddar sau ba, rabawa mai tsawo za ta gagare shi, wanda kuma ba ya nan ranar da aka fara aljabara zai yi zango guda yana kwafar abin da bai gane ba. Darasin da karantawa ne kawai, kamar Tarihi ko ilimin zamantakewa, kwafar not da karatu a gida na iya rufe shi. Fizis da Kemistiri ba haka ba, musamman ranar firaktikal, don ba za a sake fito da kayan ɗakin gwaji saboda yaro ɗaya ba.

'Yan aji shida na firamare, aji uku na ƙaramar sakandare da aji uku na babba, a ganina kada a taɓa su daga watan Janairu har su gama, sai dai rasuwa ta kusa. Rajistar WAEC da NECO da JAMB tana buƙatar yaro da kansa, don ana ɗaukar hoto da zanen yatsu. JAMB ba ta bayyana wa ɗalibi ranarsa da cibiyarsa sai kwanaki kaɗan kafin jarrabawa, saboda haka ba yadda za a tsara tafiya a kewaye ta. WAEC takan kama Mayu da Yuni, NECO ta biyo baya zuwa Yuli, kuma a 'yan shekarun nan Babbar Sallah a tsakiyarsu take faɗowa. Takardar da aka rasa ba a sake ta. In Turanci ne ko Lissafi, sai a jira jarrabawar masu zaman kansu, wato wadda ɗalibi ke yi wa kansa rajista ba ta hannun makaranta ba, ko a haɗa da sakamakon wata jarrabawar, alhali kwasa-kwasai irin likitanci a jami'o'i da dama zama ɗaya suke so. Cin naman layya a ƙauye bai kai wannan ba.

Umrar azumi ita ce ta fi wahalar magana, domin wa zai ce kada a kai yaro Ɗakin Allah? Sai dai azumi na matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, yanzu kuma ya sauka a zango na biyu. A 2025 goman ƙarshe ta faɗo a ƙarshen Maris, daidai lokacin bita da jarrabawa a makarantu da yawa. A shekarar ne jihohin Kano, Katsina, Bauci da Kabi suka rufe makarantu don azumi, abin da ya sa wani zai ji 'ya'yan ɗan'uwansa na Kano suna hutu ya ɗauka nasa ma haka ne. Kalandar jihar Kaduna daban take, makarantun kuɗi da na gwamnatin tarayya kuma kowa da tasa. Sannan kwana goma a baki ba kwana goma ba ne a rajista. Akwai ranar zuwa ɗaukar hoton fasfo, ranar allurar sanƙarau da ta shawara, waɗanda ake so a yi su aƙalla kwana 10 kafin tashi, ranar tafiya Kano ko Abuja don hawa jirgi, jinkirin jirgin dawowa da ba ya rasuwa bayan Sallah, sai tari da murar da kusan kowa ke dawowa da su. In aka ƙirga, mako uku ne. Wanda ke da halin kai yara, hutun Disamba ko dogon hutun Agusta na nan, cunkoso bai kai na goman ƙarshe ba, yaro ƙarami kuma ya fi samun sararin yin ɗawafi.

Biki kuwa, in aka bi diddigi, ba don yara ake tafiya da su tun Litinin ba. Uwa ce dole ta je da wuri saboda sa lalle da kamu da aikin abinci, kuma babu wanda za ta bar wa su. Maganin wannan ba ya buƙatar kuɗi sosai. A nemi gwaggo ko inna da ke kusa da makarantar, a Tudun Wada ne ko Sabon Gari ko Samaru, yara su kwana uku ko huɗu a wurinta. A kai mata yunifom biyu a wanke, da abin karyawa, a biya mai a-daidaita-sahun da ya saba ɗaukarsu kuɗin makon tun gaba, a nuna masa gidan, a kuma sanar da makaranta sunan wanda zai riƙa ɗaukarsu, don wasu ba sa sakin yaro ga baƙuwar fuska. Ɗaurin aure dai yawanci Juma'a ne bayan masallaci ko Asabar. Uba ya taho da su Alhamis da yamma ko Juma'a, su ga yinin biki da kai amarya, Lahadi kafin la'asar a kamo hanya. Fashin kwana ɗaya ke nan maimakon biyar ko shida. Kuskuren da aka fi yi shi ne dawowa daren Lahadi: yaro ya kwana a mota, yunifom ba wanki, Litinin ta bi sahu.

Ana kuma mantawa da Islamiyya, alhali a can ɓarnar ta fi saurin bayyana. Yaron tahfiz mai ƙarin shafi ɗaya a rana, kwana biyar a mako, in ya yi mako biyu ba ya nan ya rasa shafi 10, kusan izu guda. Wannan ma da sauƙi. Haddar da ya yi a makonni biyu ko uku kafin tafiya ba ta gama zama ba, ita ce ke fara zubewa in ba tishi. Kada a ɗora masa sabon ƙari a hanya. A tambayi malam iyakar inda ya tsaya, a ɗauki Alƙur'anin da ya saba da shi, don ido ya riga ya haddace wurin kowace aya a shafi, a ba shi minti 15 bayan Asuba wani babba yana saurare.

In tafiyar ta zama dole, to ba a fafe gora ranar tafiya. A rubuta takarda zuwa ga hedimasta ko firinsifal mako biyu kafin lokaci, da sunan yaro da ajinsa, ranar tafiya, ranar dawowa, da dalili a layi ɗaya. A kai da hannu, a riƙe kwafi. Saƙon WhatsApp a zauren iyaye ba izini ba ne, yana nutsewa cikin sallama da addu'o'i. A je wurin malaman Lissafi da Turanci a tambaye su kai tsaye: "Malam, wane babi za ku yi a waɗannan makonni, wane shafi?" Kada a ce su haɗa wa yaro aiki na musamman, mai yara 60 a aji ba shi da wannan sararin, amma lambar shafi kowa zai ba ka. A samu abokin yaron mai kyan rubutu, a yi magana da mahaifiyarsa ta riƙa ɗaukar hoton not kullum tana turowa. Kwafar shafi biyu ko uku a rana abu ne mai yiwuwa ko a gidan biki. Kwafar na mako biyu a dare ɗaya shi ke sa yaro ya yi ta tsallake layi, ya zo jarrabawa da littafi mai giɓi. Littafi biyu da fensir sun isa, jaka guda ta littattafai yadda aka tafi da ita haka take dawowa.

A tafi da gidan sauro in da damina ne. Zazzaɓin cizon sauro yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin ya fito, shi ya sa yaro ke dawowa lafiya lau, ya yi kwana huɗu a aji, sannan ya kwanta, fashi na biyu ya hau kan na farko. Bayan an dawo, a bar mako guda ya wuce sannan a koma wurin malamin Lissafi a tambaye shi inda yaron ke tuntuɓe. In lesin za a ɗauka, a faɗa wa mai lesin babin da aka rasa da sunansa, zama uku ko huɗu na awa ɗaya, ya ba yaron tambayoyi biyar daga littafin aji ya yi su shi kaɗai a gabansa kafin a sallame shi.