Fitilar dare da idon yara, abin da na koya

Lokacin da muke karatun duba ido na ci karo da wani bincike da aka yi a Filadelfiya ta Amurka a 1999, yara 479 aka duba, cikin waɗanda ke kwana a duhu kafin su kai shekara 2 kashi 10 ne kawai suka samu matsalar ganin nesa, amma masu kwana da wutar ɗaki a kunne kashi 55. Wallahi abin ya tsaya min a rai. Ina zuwa hutu Birnin Kebbi na tarar matar yayana tana barin fitila mai caji kusa da jaririnta har asuba, na ce Anti don Allah ki daina, idon yaron nan za ki ɓata. Ita kuma kunama take tsoro, lokacin zafi ne a tsakar gida ake kwana. Ta dai kashe don ni ne mai karatun abin.

Da na koma na ba malaminmu labari sai ya ce to ka karanta na 2000? Ashe an sake bincike biyu, a Ohayo da Boston, ba su ga wata alaƙa ba. Abin da suka lura shi ne iyaye masu matsalar ganin nesa su suka fi barin wuta a kunne da dare, kuma dama matsalar ana gadonta, wato ba fitilar ba ce, gado ne ya haɗa abubuwan biyu. Jikina ya yi sanyi, na sa baiwar Allah kwana cikin fargaba kusan wata guda.

Abin da hujja ta fi ƙarfi a kai wajen kare yara daga matsalar ganin nesa shi ne hasken rana. A Guwanzu ta Sin an ƙara wa 'yan firamare minti 40 a waje kullum, bayan shekara 3 waɗanda suka kamu sun yi ƙasa da na sauran makarantu. Shi ya sa yanzu in uwa ta kawo yaro yana matse ido baya ganin allo daga baya, nakan tambaya yana fita wasa kuwa ko waya ce a hannunsa tun daga dawowa Islamiyya, kuma akwai mai sa gilashi a gidan?

Daren ranar da malaminmu ya gaya min haka na kira Anti na ba ta haƙuri, na ce ta kunna fitilarta.